Kada mu jira sai ruwa ya shigo ɗaki

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na jam'iyya.

Saƙon wannan makon a kan ambaliya ne, kuma da gangan na kawo shi yanzu da ƙasa ke bushe.

Duk wadda ta yi wayo ta san damina ta canza hali. Da can ruwa yakan zo da tsari, manomi ya san lokacin shuka. Yanzu sai a yi sati biyu ko uku babu ɗigo, rana ɗaya kuma sama ta buɗe kamar da bakin ƙwarya. Masana sun ce zafin duniya ne ya ƙaru, iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar danshi, shi ya sa idan ta tashi saukewa take juye shi gaba ɗaya. To magudanan ruwanmu, gadojinmu da madatsunmu an gina su ne da lissafin ruwan da, ba na yanzu ba.

A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, mu nan Jigawa muna cikin waɗanda suka fi shan wuya. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri cikin dare, har fadar Shehu da asibitin koyarwa bai bari ba. A ƙarshen Mayun 2025 sai ga Mokwa, damina ko zama ba ta yi ba, sama da rai 150 suka tafi. Allah Ya jiƙan su da rahama.

Wasu za su ce ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara. Amma a Islamiyya an koya mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, NIHSA kuma tana lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Wace ce a cikinmu aka taɓa karanta mata wannan da Hausa a unguwarsu? Takarda tana Abuja, ruwa yana Auyo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka saba da rabon tallafi. Gida ya rushe, awaki sun tafi, jarin ƙuli-ƙuli ya narke, yara na amai da gudawa a ajin firamare da aka tsugunar da mu, sai a zo da buhun shinkafa da tabarma da mai ɗaukar hoto, mu kuma mu yi guɗa. Wallahi shinkafa ba ta tare ruwa. Kuma wannan magana har da shugabannin jam'iyyarmu, ba na adawa kaɗai ba.

Don haka a taron mazaɓa mai zuwa, ku tambayi kansila da ciyaman da ɗan majalisa: nawa aka ware a kasafin bana don yashe magudanai kafin ruwan farko? Ina aka kwana kan cire ciyawar kacala da ta toshe kogin Haɗeja? Idan za a saki ruwan Tiga ko Challawa, wa zai sanar da mu, kuma kwana nawa kafin ya iso? Wane tudu aka tanada, mai ban-ɗaki na mata daban? Kuɗin muhalli da ake rabo daga tarayya, me aka yi da namu? Ku tambaya cikin ladabi, amma a rubuta amsar.

Mu ma da namu: ledar ruwa da shara da muke zubawa a kwata, mu daina.

Shugabar mata ta kowace mazaɓa ta turo mini sunayen unguwannin da ruwa ke kwanciya, da gidajen da ke da tsofaffi, masu ciki ko naƙasassu, kafin Juma'a. Wadda ba ta rubutu ta yi saƙon murya. A tura wa sauran guruf-guruf ɗinmu.

Wassalam,
Shugabar Mata