Sabon Jirgi a Mashigin Solent

Mashigin Solent, tsakanin tsibirin Wight da gaɓar kudancin Ingila, wuri ne da waɗanda suka sayi sabon jirgi mai tafiya da iska ke yawan kai abokai yawon Asabar da Lahadi, su kwana a Cowes, garin da ake tseren jirage tun 1826. Dokar Birtaniya ba ta neman lasisi daga mai tuƙa ƙaramin jirginsa na shaƙatawa a teku, kuma nan gizo ke saƙar. Teku na cikowa yana janyewa, kuma a tsakiyar mashigin akwai tudun yashi na Bramble da jirage ke kafewa a kai. Manyan jiragen kwantena masu shiga Southampton kuwa ba sa iya kauce wa kowa. A cikin jirgin ma, idan iska ta juya, sandar ƙasan filafili na wulgawa da ƙarfin da zai fasa kan baƙon da ya miƙe tsaye. Saboda haka wajibi ne mai jirgi ya yi kwas, ya duba jadawalin cikar ruwa, ya kuma sa kowa ɗaura rigar hana nutsewa tun ba a kwance igiya ba.