Ungozoma Da Kwana Arba'in Na Mai Jego

Duk wanda ya tashi cikin birnin Kano, a unguwa irin Yakasai, ya san wata dattijuwa da a kan gani da sassafe tana ratsa lungu, lulluɓe da mayafi, tana sauri zuwa gidan da aka haihu. Da la'asar kuma a sake ganinta ta komo. Ita ce ungozoma. Da yawa daga cikinmu ita ta yanke mana cibiya, ita ta yi mana wankan fari, amma da wuya a ji an ambace ta wurin da manya ke shawara a kan lafiyar jama'a, sai fa in za a ɗora mata laifi. Mun ga ya kamata mu duba al'amarinta da idon basira, domin rayukan mata masu yawa suna rataye da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin shekarar 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in dukan waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya. Binciken lafiyar iyali da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna cewa cikin haihuwa 100 a ƙasar nan, 39 kaɗai a ke yi a asibiti, a jihohin Arewa maso yamma kuwa ba su ko kai 20 ba. Sauran mafi yawansu a ɗaki a ke yi, inda babu likita, babu ma'aikaciyar jinya, sai tsofaffin gida da ungozoma.

A ƙauye a kan ce nisa ne ya hana. To, a Yakasai fa? Daga unguwar zuwa Asibitin Murtala da ke daf da Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce, asibitin kuwa yana nan tun zamanin En'e. Tun 2001 kuma Gwamnatin Kano ta yi shelar awon ciki da haihuwa kyauta a asibitocinta. Duk da haka har yanzu akwai gidajen da mace kan kwana a kan gwiwa ba a fita da ita ba. Wata kunya ce ta hana ta faɗi naƙuda ta zo, musamman mai haihuwar fari. Wata maigida ba ya nan, ba wanda zai ba da izini. Wata lungunsu mota ba ta shiga, ga shi dare ya raba. Wata kuwa tsoron tsawar ma'aikata ta ke yi. A irin wannan hali, wadda a ke duban bakinta ta ce a tafi ko a dakata, sau da yawa ungozoma ce.

Ya kamata mu tuna da ainihin aikinta a al'adarmu. A ƙasar Hausa ba kasafai ungozoma ke karɓar haihuwa ba yadda a ke yi a asibiti. Mace ta kan durƙusa ta haihu da kanta, sa'an nan a aika a kira ungozoma. Ita za ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jinjiri, ta gasa masa cibi. Ita za ta tsaya a kan wankan jego safe da yamma, ta ga an dama kunu, ta koya wa yarinya yadda za ta riƙe ɗa ta ba shi mama, ta lallashe ta in ta yi kuka. Ran suna a ba ta rabonta na nama, da ɗan hatsi da kuɗi gwargwadon ƙarfin maigida. Watau mafi yawan aikinta bayan haihuwa ya ke, kuma aiki ne na kula da jiki da kwantar da hankali.

Daga wajen 1970 ƙasashe da yawa, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, suka shiga tara ungozomomi suna ba su horo na 'yan kwanaki, a sallame su da sabulu da reza da zare. An yi zaton haka zai rage mutuwar mata. Bayan babban taron da aka yi a Nairobi a 1987 a kan lafiyar masu haihuwa aka ƙara ba abin ƙarfi. Amma kafin shekarar 2000 masana suka ga mutuwar ba ta ragu yadda a ke so ba. Dalili kuwa a fili ya ke. Abubuwan da ke kashe mata su ne zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa. Maganinsu ƙarin jini ne, da allura, da tiyata, waɗanda ba su cikin jakar ungozoma kome wayonta. Saboda haka aka juya ga horar da ƙwararrun ma'aikata, har Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin tura ungozomomin asibiti zuwa karkara a 2009.

Wannan shawara daidai ce, ba mu musunta ba. Inda aka yi kuskure shi ne da aka ga tsohuwa ba za ta iya aikin likita ba, sai aka yi watsi da ita gaba ɗaya, alhali mutanen unguwa ba su yi watsi da ita ba. Ta ci gaba da shiga gidaje, sai dai babu mai koya mata, babu mai bin sawunta.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne Turawa suka shiga neman irin aikinta. A 1980 waɗansu likitocin yara na Amurka, Klaus da Kennell, da abokan aikinsu suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a wani asibiti a ƙasar Gwatamala. Sun sa wata mace, wadda ba ma'aikaciyar asibiti ba ce, ta zauna tare da mai naƙuda tun daga fari har ƙarshe, tana riƙe mata hannu, tana shafa mata baya, tana yi mata magana mai daɗi. Waɗanda aka bari su kaɗai naƙudarsu ta kai kimanin awa 19, waɗanda aka zauna da su kuwa kimanin awa 9. Irin wannan mace su ke kira dula, kalmar da suka aro daga harshen Girka. A 1992 aka kafa ƙungiyarsu a Amurka mai suna DONA, wadda ke horar da su ta ba su takardar shaida. Akwai dular naƙuda, akwai kuma ta jego, wadda ke zuwa gida bayan an sauka.

A 2017 masana suka tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, waɗanda suka ƙunshi mata fiye da 15,000. Suka ga matan da aka zauna da su sun fi haihuwa da kansu, naƙudarsu ta fi gajarta, kuma ba a cika kai su ga tiyata ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada cewa a bar kowace mai naƙuda ta shiga da wadda ranta ya kwanta da ita. Ƙasar Barazil ma tun 2005 ta mai da wannan doka.

Amma abin lura a tarbiyyar dula shi ne, farkon abin da a ke koya mata iyakarta. Ba ta sa hannu ta duba mace, ba ta ba da magani, ba ta karɓar haihuwa. In ta ga abin da ya fi ƙarfinta, sai ta kira wanda aikin ya ke nasa. A ganinmu wannan shi ne darasin da ya dace da mu. Ba mu bukatar mu aro wata sabuwar sana'a daga Turai, muna da ita tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne a koya wa ungozoma aikinta sosai, a kuma shata mata inda za ta tsaya.

Iyakar kuwa ita ce kada ta yi yankan gishiri ko ta kira wanzami ya yi, domin wannan yanka da doguwar naƙuda su ne ke jawo yoyon fitsari, ciwon da ya cika asibitin Babbar Ruga na Katsina da sashen Laure na Asibitin Murtala da 'yan mata. Kada ta danna ciki, kada ta ja mabiyiya da ƙarfi, kada ta ba da jiƙo don naƙuda ta yi sauri. Kada ta bari rana ta fito ta faɗi a kan mace tana bisa gwiwa. Kada kuma ta yanke cibi da tsohuwar reza ko ta shafa masa toka, domin ta nan ciwon sarƙe haƙora ke shiga jinjiri.

Abin da za a koya mata kuwa, babbansa sanin alamun hatsari cikin kwanakin jego. Likitoci suna lissafa mutuwar mace a kan ta haihuwa ce in ta auku cikin kwana 42 bayan sauka, wanda ya yi kusan daidai da arba'in ɗinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so ma'aikaci ya ga mai jego aƙalla sau huɗu cikin waɗannan makonni shida. Ungozoma kuwa tana ganinta safe da yamma, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ita za ta fara ganin jinin da ya wuce kima, da zazzaɓi, da wari, da ciwon kai mai tsanani, da jinjirin da ya ƙi kama mama ko idonsa ya yi rawaya.

Akwai kuma wani ciwo da ya yi yawa a ƙasarmu fiye da yawancin ƙasashen duniya, watau gazawar zuciya bayan haihuwa. Likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun yi bayaninsa a 1978, suka ɗora zargi a kan wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon wuta, da kunun kanwa. Binciken baya da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki, da hawan jini na masu ciki, da ƙarancin wani sinadari a jini. Ko ma wanne ne sanadi, a Kano ana samun kimanin mace ɗaya cikin ɗari da ta haihu da wannan ciwo. Alamunsa haki, da tari in an kwanta, da kumburin ƙafa. In ungozoma ta san su, ba za ta ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta a ƙara kanwa ba, sai ta ce a tafi asibiti yau.

An riga an gwada amincewa da matan unguwa a Arewa. A 2013 Gwamnatin Sakkwato ta sayi maganin shafa wa cibiya da ƙwayoyin tsai da jini bayan haihuwa, ta rarraba su ta hannun matan da aka horar a unguwanni, suna kai wa masu haihuwa a gida. Wannan ya nuna ana iya danƙa wa mace marar ilmin boko aiki ƙayyadadde ta riƙe shi da amana.

Saura magana biyu, waɗanda in ba a gyara su ba horon banza ne. Ta farko ita ce abinci. Yau in ungozoma ta kai mace asibiti, ta kan ji tsoron an raba ta da rabonta, domin wani ne ya yanke cibi. Ba a sa ran tsohuwa ta yi wa cikinta zagon ƙasa. Ya kamata Ƙaramar Hukumar Birni da Hukumar Lafiya Matakin Farko su rubuta sunayen ungozomomin kowace unguwa ta hannun masu unguwanni, waɗanda suka san su ɗaya ɗaya, a yanka musu ɗan hasafi a kan kowace mace da suka raka awo ko haihuwa. Magidanta kuma kada su rage mata kome don an haihu a asibiti.

Ta biyu ita ce ƙofar ɗakin haihuwa. In ta rako mace aka tsai da ita a waje, ko aka ci mata fuska gaban jama'a, gobe ba za ta komo ba, kuma ba za ta bari a kawo wata ba. Mun san ɗakunan a cike su ke, ma'aikata kuma sun yi kaɗan. Amma wannan shi ne ma dalilin da za a bar ta ta shiga, a sa labule tsakanin gadaje, ta zauna wajen kan mai naƙuda ta ba ta ruwa ta riƙe ta, ma'aikaciya ta ji da nata aikin.

Muna kira ga Gwamnatin Jiha ta fara gwada wannan a unguwa guda kamar Yakasai, inda asibiti ke kusa kuma kowa ya san kowa, a riƙa rubuta abin da aka gani har shekara biyu, in ya yi kyau a yaɗa. Muna kuma roƙon malamai da limamai su riƙa faɗa wa magidanta su bar izini a gida tun ciki yana wata bakwai, su tanadi abin hawa da wanda zai ba da jini, tun da ba a fafe gora ran tafiya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani, amma sai an tace ta. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa.