Jama'ar Digil, Ku Fito da Takardunku Kafin Gara Ta Cinye Su

 Akwai wata dukiya da muka bari tana lalacewa a ɗakunanmu: waƙoƙin da aka rera, da wasiƙun da aka rubuta, da labaran da ke cikin ƙirazan mutane tun lokacin da yaƙi ya ci Mubi. A kanta nake wannan kira. Amma ku fara jin labarin wani makiyayi, don ku san girman abin da nake roƙo.

Sunansa Miguel Hernandez, an haife shi a garin Orihuela na ƙasar Sifaniya ranar 30 ga Oktoba, 1910. Mahaifinsa mai kiwo da cinikin awaki ne, kuma shi ya cire yaron daga makaranta yana ɗan shekara goma sha huɗu ya mayar da shi bayan garke. A can dajin, tsakanin kiwo da kai madara gidajen mutane, ya ci gaba da karatu da kansa har ya fitar da littafin waƙoƙinsa na farko a 1933. Duk wanda ya taɓa ganin yaran da ke koro shanu zuwa kasuwar Mubi ya san irin yaron da nake nufi.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a Sifaniya a 1936, sai ya bi ɓangaren gwamnatin jamhuriya, yana zuwa bakin daga yana karanta wa sojoji waƙoƙinsa. A 1939 ɓangarensa ya sha kashi a hannun Janar Franco. Ya tsallaka Fotugal, 'yan sandan can suka kama shi suka miƙa shi. An sake shi na ɗan lokaci, ya koma garinsu wajen iyalinsa, aka sake kama shi. A 1940 kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 30. Aka yi ta yawo da shi daga kurkuku zuwa kurkuku, Madrid, Palencia, Ocaña, har Alicante, inda tarin fuka ya kashe shi ranar 28 ga Maris, 1942, yana da shekara 31.

Yana tsare ne matarsa Josefina Manresa ta rubuto masa cewa ba ta da abin ci sai burodi da albasa, ga shi tana shayar da jariri. Ɗansu na fari ya riga ya rasu yana ɗan wata goma. Mutumin da ba shi da ikon aika mata ko ƙwayar hatsi sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa jaririn waƙar reno a kan albasa da yunwa, yana roƙonsa ya yi dariya. Yau yaran Sifaniya suna karanta wannan waƙa a makaranta, akwai jami'a mai sunansa a Elche, filin jirgin saman Alicante ma da sunansa ake kiransa.

To, wa ya kawo maganarsa har zuwa yau? Gwamnatin da ta ɗaure shi ta so a manta da shi. Littafinsa da aka buga a Valencia a 1939 an ba da umarni a lalata shi, kwafi biyu kawai suka tsira, kuma da su aka sake fitar da shi a 1981. Sauran takardunsa kuwa Josefina ce, mace mai ɗinki, ta ɓoye su shekara da shekaru tana fama da talauci. Ba sai mun yarda da siyasarsa ba kafin mu ɗauki darasin: magana tana rayuwa ne idan an sami mai adana ta.

Mu ma a ƙasar nan mun san wannan. Turawa sun tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi suka kai shi Lokoja, a can ya rasu, amma waƙarsa ta Tabarƙoƙo tana nan ana nazarinta domin an sami waɗanda suka kwafe ta. A kurkukun Kaduna aka tsare Wole Soyinka lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1969, ya yi ta rubutu a ɓoye a kan 'yan guntayen takardu, waɗanda daga baya suka zama littattafai.

Yanzu mu dawo gida. Ranar 29 ga Oktoba, 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, har suka sauya wa garin suna. Kun san abin da ya biyo baya, domin ku ne kuka taka da ƙafa. Wasu suka hau duwatsu suka faɗa Kamaru, wasu suka bi daji suka nufi Yola, mata da goyo, tsofaffi a kan baro. A watan Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato garin. Kafin nan an kashe mana ɗalibai a Wuro Patuji a 2012. Bayan nan bam ya tashi a masallaci a Unguwar Shuwa ana sallar asuba a Nuwamban 2017, wani kuma ya sake tashi ranar 1 ga Mayu, 2018. Jaridun duniya sun ƙirga gawawwaki sun wuce. Abin da uwa ta rera wa ɗanta a kan dutse cikin dare don kada ya yi kuka a ji su, wannan babu jaridar da ta ɗauka. Mu kaɗai muke da shi.

Kuma abin nan yana ta ɓacewa. Dattijon da ya tsara baitoci da ajami a kan gudun hijira, littafin yana ƙasan akwati, damina ta jiƙa gefensa, gara ta fara cin bangonsa. Saurayin da ya ɗauki muryar kakarsa a waya, wayar ta lalace, katin ya ɓace. Yaron da aka goya a wannan gudu yau ya kai shiga sakandare, bai san komai ba sai abin da ya tsinta a bakin mutane. Idan muka yi shiru, wasu daga nesa za su rubuta mana tarihinmu yadda suka ga dama, jikokinmu su karanta su ɗauka haka aka yi.

Saboda haka ga roƙona.

Iyayenmu mata, ku ne kan gaba. Ku kira 'ya'yanku su zauna kusa da ku da littafi da biro, ku faɗa musu hanyar da kuka bi, da wanda ya ba ku ruwa, da waƙar da kuka yi. Ku faɗa da harshen da kuka yi kukan da shi, Fulatanci ne ko Hausa, Gude ne ko Fali, Njanyi, Margi ko Higi. Kada kowa ya ce sai da Turanci magana take zama tarihi.

Malaman allo da na boko, limamai da fastoci, ku sanar a masallatai da coci-coci cewa duk mai waƙa ko wasiƙa ko hoto na wancan lokaci ya fito da shi a kwafa, a mayar masa da abinsa. Musulmi da Kirista tare suka gudu, da yawa kuma sun ɓoye juna. A rubuta wannan ma, domin shi ne maganin masu son raba mu.

Ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi, wayar da ke hannunku ta isa aikin. Ku nemi izinin mai magana, ku ɗauki murya, ku rubuta suna da rana da unguwa, ku ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Wanda ya ce a ɓoye sunansa, a ɓoye. Wanda bai shirya magana ba, kada a matsa masa.

Masu 'yan uwa a gidan yari, idan za ku je ziyara ku nemi izini ku kai musu takarda da abin rubutu. Idan kun ji suna tari ya wuce mako biyu, ku tsaya kai da fata a gwada su, domin maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma cutar da ta kashe Hernandez yau tana warkewa.

Masu unguwanni da dattawa, ku ba mu rana da inuwa. A zauna a Digil, masu waƙa su rera, masu labari su faɗa, matasa su rubuta, a haɗa a kai ɗakin karatu na jami'a a ajiye da sunan al'umma. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kowane gida ya buɗe akwatinsa a wannan makon, kowane saurayi da budurwa su zaɓi tsoho ɗaya su je su gaishe shi su zauna. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba mu ikon riƙe amanar maganarsu. Ku tashi mu fara.