Rumbun Ƙarfe Ba Ya Aiki Sai Da Sarƙa

Kowane manomi na Achilafiya ya san sha'anin rumbu. Ya ɗora shi bisa duwatsu don gudun gara, ya yi masa jinka, in damina ta faɗi ya buɗe ya ɗebi dami. Wannan rumbun gida ke nan, hannu ke zubawa, hannu ke ɗiba. Amma rumbun Gwamnati irin na ƙarfe, kamar wanda aka gina a Jahun mai cin tan 25,000, watau buhu 250,000, ba shi cikuwa da hannu. A nan ne maganar sarƙar jan hatsi ta taso, ita ce kuwa mu ke so malaman ofis da malaman makaranta su fahimta.

Ga yadda ta ke. Akwai dogon akwatin ƙarfe kamar indararo mai murfi. A cikinsa akwai sarƙa mai kama da ta keke, sai dai ta fi ta ƙarfi nesa, an jera mata 'yan alluna a gicciye. Injin lantarki na juya wani gargare mai haƙora, gargaren na jan sarƙa, allunan kuwa suna tura hatsi gaba ɗaya sannu a hankali har bakin rumbu. Wani Bature na Ingila, Arnold Redler, shi ya shahara da ƙera irinta wajen 1920. Amfaninta a fili ya ke. Ba ta farfasa ƙwaya kamar injin nan mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa cikin bututu, kuma da ya ke a rufe ta ke, ruwa da tsuntsu ba su samun hanya, ƙura ba ta tashi ta shaƙe ma'aikata.

Dattawa sun tuna da dalar gyaɗa ta Kano da ta Malam Madori, inda 'yan dako ke hawa da buhu a ka. In ɗan dako guda ya gaji, wani ya karɓa. Sarƙa ba haka ta ke ba. Ran da gaɓa ɗaya ta tsinke, ko wuta ta ɗauke, aiki ya tsaya cik, motoci na jere a ƙofa, hatsin da ke ciki kuwa ba a iya juya shi, sai ya yi zafi ya ruɓe. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta yarda a ba 'yan kasuwa hayar manyan rumbuna 20 daga cikin 33. Ko a hannun wa su ke, ciwon ɗaya ne, gini na da sauƙi, riƙo ke da wuya.

Saboda haka ga shawararmu. Duk ran da aka tashi gina irin wannan rumbu a ƙasar Kazaure ko Ɓaɓura, kada a sa hannu a takarda sai an rubuta kuɗin kayan gyara da na injin ba da wuta a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sa'an nan a tura samarinmu na Roni da Gwiwa da Yankwashi Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, su koyi ɗaure sarƙa daidai, ba sako-sako ba, ba kuwa tamau ba, su kuma san haƙoran gargare in sun cinye. Abin kunya ne a jira makaniki daga Ikko saboda ƙusa guda.

Manoma kuma da nasu rabon. Geron da aka sussuke a ƙasa yakan zo da tsakuwa da yashi, su ne kuwa ke cin ƙarfe. A sheƙe shi sarai, a bar shi ya bushe ƙayau. Wanda ya zuba ƙasa cikin buhu don ya ƙara nauyi, rumbun jama'a ya ke kashewa, shi ma kuwa cikin jama'ar ya ke ran da fari ya zo.

Masu cewa inji zai kashe sana'ar dako suna da 'yar gaskiya, ba mu raina kukansu ba. Amma sarƙa iyakarta harabar rumbu. Daga gona zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa Dawanau, buhu na nan, mai ɗaukarsa kuma na nan. Malamai su bayyana wa yara wannan, malaman ofis su duba takardun kwangila da idon basira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu masu amanar tsaron abin da ta kawo, amin.