Wai kallon tsuntsaye aikin marasa aikin yi ne?

Ƴan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu nan Kudu, yau da ku nake. Da zarar an ga ɗayanmu ya rataya madubin hangen nesa ya nufi bishiyoyi da sassafe, sai a fara: "Wannan ya zama Bature", "ƙoshi ne ya yi masa yawa". Abin dariya, mai faɗin haka shi ne zai kwashe awa uku a gidan kallo yana gardamar Arsenal da Chelsea. Haba jama'a!

Wa ya ce muku daga Turai aka kawo mana lura da tsuntsu? Kakanninmu idan suka ga shamuwa ta sauka a gari, sun san damina ta kusa, sai a shiga sharar gona. Masu addini a cikinmu kuma su koma aya ta 19 a Suratul Mulk, su ga abin da aka ce mu ɗaga kai mu duba.

Ga inda raini ya kai mu. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru tana karɓar tsuntsayen da ke tsallake Sahara daga Turai duk shekara, har aka sa yankin tafkin Nguru cikin jerin Ramsar a 2000. Mu nawa ne muka taɓa zuwa Dagona? A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar APLORI, wadda ke horar da ɗalibai har digiri na biyu kan kare halittu. Da yawanmu ko sunanta ba mu taɓa ji ba.

Kuma wallahi maganar abinci ce. Jan baki na faɗa wa shinkafa da gero a Kebbi da Jigawa da Yobe, manomi ya tashi hannu rabbana. Ba a maganinsu sai an san inda suke kwana da inda suke ƙyanƙyasa, wannan kuwa aikin mai lura ne. Ungulu da ke share mushe a kwata, yaushe rabonku da ganinta? Tun 2015 aka sa ta cikin masu dab da ƙarewa, ana kashe ta ana kai kanta kasuwar masu magani. Gauraka ma ta kusa zama labari a ƙasar nan.

Na san za ku ce tsaro, cewa mai madubi a daji yanzu ɗan leƙen asiri za a ɗauke shi. Gaskiya ne. Don haka a tafi a rukuni, a fara sanar da mai unguwa, inda babu lafiya a haƙura. Amma harabar makaranta fa?

Kafin hutu kowa ya gane tsuntsaye goma a kusa da ɗakin kwanansa. Idan kun je gida, ku tambayi tsofaffi sunayensu na Hausa ku rubuta, tun suna raye. Wanda kuma ba zai yi ba, ya taimaka ya daina yi wa masu yi dariya.