Karen Gadi Ma Yana da Haƙƙin Jinya

A Jos, Kaduna, Zariya da sababbin unguwannin bayan garin Kano, ba wuya a ji haushin kare daga bayan katanga da zarar dare ya raba. Tsoron ɓarayi ne ya kawo shi gidan. Muddin yana da ƙarfi ana zuba masa ƙanzo da ƙashi, ana alfahari da zafinsa. Ranar da babur ya karya masa ƙafa, ko ya dawo da rauni daga faɗa, sai a ɗaure shi bayan gida a bar shi da ƙudaje, wani ma a kwance shi ya nufi juji. Wannan ɗabi'a ba ta da madafa a addini, ba ta da ita a hankali.

Bukhari da Muslim sun rawaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mazhabar Malikiyya da akasarin Hausawa ke bi tana ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin mai tsarki, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta halatta ajiye shi don tsaron gona ko dabbobi ko farauta. Malamai sun yi tsanani a kan dalilin ajiyewa. Amma wanda ya riga ya ajiye, ciyarwa da kulawa sun hau kansa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, aikin likitan dabbobi ɗan kaɗan ne a cikin jinya. Ya wanke rauni, ya ɗinke, ya ba da magani, shi ke nan. Sauran kwana 10 zuwa 14 kafin a cire zaren ɗinkin, a tsakar gida za a yi su, kuma babban abokin gaba a kwanakin nan shi ne harshen karen kansa. Zai lasa, zai ciza, zai tsinke ɗinkin, ƙwayoyin cuta su shiga. Asibitoci na sa masa abin wuya na roba mai faɗi don bakinsa ya kasa kaiwa wurin, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba, kuma karnuka da dama na fama da shi wajen ci da sha.

A nan ne matar gida mai keken ɗinki take da abin yi. Tsohuwar singileti ko ragowar atamfa mai laushi, a yanke ta daidai ƙirji da ciki, a huda wa ƙafafu, a sa igiyoyin ɗauri ta gadon baya inda haƙori ba ya kaiwa. Ba a sa maɓalli, don yana iya haɗiyewa. Riga biyu ake ɗinkawa, ana wanke ɗaya yana sanye da ɗaya, a riƙa ɗagawa safe da yamma a duba ko wurin ya kumbura, ya yi ja ko yana fitar da ruwa. Idan raunin a ƙafa yake ko a jela, riga ba ta wadatar, dole a koma ga abin wuyan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 2001 man fetur ya malala a teku kusa da tsibirin Phillip a Ostareliya, ya ɓata ɗaruruwan ƙananan tsuntsayen fengwin. Masu saƙa suka yi musu 'yan riguna na ulu, don kada su haɗiyi man wajen gyara gashinsu da baki kafin a samu wanke su. Mafi yawansu sun rayu aka mayar da su teku.

Shimfiɗa ma tana buƙatar hannun mai ɗinki, kuma a ƙasarmu akwai dalili na musamman. Akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a cikin yashin da fitsari ya jiƙa, ko a jikin tsumma mai danshi da aka shanya a inuwa. Tsutsarsa na huda fata ta zauna ciki, sai a ga ƙuraje masu ƙaramin rami a cikin kare ko tsakanin yatsunsa. Yara ma tana kama su. Kare mai jinya da ke kwance wuri guda shi ne abincinta. Maganin abin shi ne a ɗaga shi daga ƙasa, a ɗinka masa 'yar katifa da ƙyallayen da tela ke sharewa, a yi mata riga mai cirewa, a wanke, a shanya a rana tsaka, sannan a bi ta da dutsen guga mai zafi, domin zafin guga na kashe ƙwan. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturun Jos ko Funtuwa ke shiga ƙashi, macen da ta saba saƙa wa jarirai hula da safa da kwarashi ba za ta sha wuyar haɗa masa ɗan bargo ba. Dabbar da ta rame ko aka aske mata gashi don tiyata tana jin sanyi fiye da lafiyayya.

Saƙa kuma sana'a ce da ta dace da zaman jinya. Hannu na aiki, ido na kan mara lafiya. Mai saƙa ce za ta fara gane cewa yau bai taɓa ruwa ba, ko dasashinsa ya yi fari, alamar ƙarancin jini da cutar kaska kan jawo. Sai dai kwandon saƙar ya zauna a sama. In ka ga kare na sunsunar takalmi ɗauka zai yi, haka ma curin ulu, kuma dogon zare a cikin hanji na iya tattare shi har ya yanka, sai an sake fiɗa. Haka nan kada a ɗauko maganin ciwon jiki na mutane a ba shi: ibuprofen na lalata wa kare ciki da ƙoda.

Akwai masu cewa mutane ma ba su sami magani ba, ballantana kare. Ƙorafin yana da nauyi, amma lafiyar biyun a haɗe take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi na katse yaɗuwar cutar. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar a cikin gida. Gidan da ya saba kai karensa wurin likita shi ne ake sa ran zai yi masa ita.

Jinya tana da iyaka a wuri ɗaya. Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya gani, ba a matsa masa da riga ko bargo, domin yana iya zama ciwon haukan ne. A kulle shi, a janye yara, a kira likitan dabbobi. Wanda karen ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.