Daga Allon Malam: In Mota Ta Yi Kuka, a Saurare Ta



A watan jiya na bi yayana zuwa Masaget, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Injamena, cikin tsohuwar Toyota Hilux ɗinsa mai buɗaɗɗen baya. Da wannan mota yake ciyar da gida mai mutum goma sha ɗaya. Tun muna barin unguwar Digel na ji wani ƙas a ƙarƙashinmu duk sa'ad da ya sa giya. Na ce, "Yaya, ka ji wannan?" Ya ce, "Ƙyale ta, Malam, haka take gaisuwa." Ba mu kai gida da ƙafarta ba. A hanyar dawowa kuros ɗin baya ya watse, farfela ta faɗo. Allah Ya sa muna tafiya a hankali. Bakaniken da ya zo ya ce da na gaba ne ya karye muna gudu, kan farfelar zai iya cakar ƙasa ya kifar da mu.

Mutanen Chadi ba baƙin irin wannan mota ba ne. A 1987, a Fada da Wadi Dum, da ƙananan motocin Toyota sojojinmu suka kori tankokin Libiya, har Turawa suka sa wa yaƙin sunan motar. Hilux kuwa tun 1968 ake ƙera ta. Amma ƙarfe ma yana gajiya, kuma kafin ya karye sai ya yi magana.

Ƙarfin inji yana bi ta kuloci zuwa giyabos, daga nan ya bi farfela, wadda masu Faransanci ke kira kardan, ya shiga aksil na baya, sannan ya isa tayoyi. Kowane ɗaya da irin kukansa. Abin da ake so direba ya lura da shi abu uku ne: yaushe kukan ke farawa, me ke ƙara shi, me ke kashe shi.

In mota na tsaye, inji na aiki, kana jin gurnani, da ka taka kuloci ya ɗauke, to a duba boris na cikin giyabos. In kuwa sai ka taka kulocin ne kukan ke tasowa, boris ɗin kulocin ne.

In ka ji ƙas lokacin tashi, ko lokacin sa ribas, mafi yawa kuros ne ya ci. In ƙiƙi-ƙiƙi ne yayin tafiya a hankali, giris ya ƙare a cikinsa. Farfela tana juyawa wajen sau 4 kafin taya ta juya sau ɗaya, saboda haka kukanta ya fi na taya sauri. Jijjiga a ƙarƙashin kujera da ke ƙaruwa da gudu na iya zama farfelar ce ta lanƙwashe, ko robar da ke riƙe ta a tsakiya ta mutu.

Kuka mai kama da busa daga baya, wanda ke zuwa in ka taka totur ya tafi in ka saki, haƙoran aksil ne. Gurnanin da ke sauyawa a kwana kuwa, boris ɗin taya ne. In ya ƙaru ka karya hagu, galibi na dama ne, domin nauyi can ya koma.

Ga abin da mutum zai iya dubawa a ƙofar gidansa. A kashe inji, a ja birkin hannu, a tare tayoyi da duwatsu gaba da baya, a fitar da giya. A kama farfela kusa da kuros a jijjiga ta. Bai kamata ta yi wasa ba ko kaɗan. Jar ƙurar tsatsa a bakin kuros alama ce ya bushe. Sai a kwance murfin zuba mai na aksil, a sa yatsa: man ya kamata ya kai bakin ramin. In ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin a ambaliyar 2022 da ta 2024 motoci da yawa sun ratsa ruwa a unguwannin bakin Shari da Logon, aksil kuwa yana da ƙaramar kafar numfashi da ruwa ke bi. A zubar da man, a sa sabo mai lamba 90, ko 80W-90, wanda aka rubuta GL-5 a jikinsa. Don Allah kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga.

Masu mota mai jan ƙafa huɗu su cire ta da zarar sun hau kwalta, in ba haka ba ƙarafan suna murɗe juna. In za a kwance farfela kuma, a yi mata alama da fenti don ta koma yadda take.

Ba na cewa kowa ya zama bakanike. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya je gareji ya ce "tana kuka" kawai, sai a yi ta canje-canjen kaya da kuɗinsa. Wanda ya ce "tana busa daga baya in na taka totur a giya ta huɗu" ya rage wa bakanike rabin aiki.

Motar yayana ta yi kwana tara a gareji ana jiran farfela daga Kusiri. Kuros ɗin da ya jawo wannan duka bai cika tafin hannu ba. Kuɗin makarantar yara biyu ne suka tafi.

Allah Ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.